BISHOP SAMUEL AJAYI CROWTHER: BAWAN DA YA ZAMA JAGORA A BAKIN KWARA

 A wannan fitowa na ga ya dace in kawo mana tarihin wani dattijo wanda kusan dukkanmu mun ci karo da sunansa a ajin tarihi, muka haddace layi biyu a kansa saboda jarrabawa, muka wuce. Layukan su ne cewa shi ne baƙar fata na farko da ya zama bishop a cocin Angilika, kuma shi ya jagoranci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Duk wannan gaskiya ne, sai dai kaɗan ne daga cikin labarin. Dattijon nan, Samuel Ajayi Crowther, ya yi shekara 50 yana hawa da gangarawa a wannan Kogin Kwara da muke sha muke su a cikinsa, kuma sau biyu ana zaluntarsa. Da fari mutane masu launin fatarsa ne suka kama shi suka sayar, daga ƙarshe kuma Turawan cocinsa suka ci masa mutunci saboda launin fatar tasa. Yadda ya ɗauki abin, da yadda aka yi fiye da shekara 120 kafin a nemi gafara a kansa, shi ne nake so mu duba tare, Musulminmu da Kiristanmu.

Kamu da bauta

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Osogun, cikin ƙasar Oyo. Lokacin daular Oyo ta fara wargajewa, yaƙi ta ko'ina, kowa ya samu dama sai ya kama na ƙasa da shi. A farkon 1821 mayaƙa suka auka wa garinsu da sassafe, cikinsu akwai Yarabawan Oyo Musulmi da Fulani. Aka ƙone garin, aka ɗaure Ajayi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, aka kora su gaba. Bai wuce shekara 12 ko 13 ba. Ba a daɗe ba aka raba shi da uwarsa, aka yi ta musayarsa daga hannu zuwa hannu, har akwai lokacin da aka ba da shi a madadin doki, wani lokaci kuma a madadin taba da barasa. Daga bisani ya faɗa hannun fataken bayi na ƙasar Fotugal a Ikko, suka zuba shi cikin jirgi tare da sauran bayi domin a haye teku da su.

To, abin da Allah ya tsara babu makawa. A watan Afrilu na 1822, jirgin bai yi nisa da gaɓa ba, sai jiragen yaƙin Ingila masu sintirin hana cinikin bayi suka tare shi. Kyaftin Henry Leeke na jirgin Myrmidon ya kwashe su, aka sauke su a Firitawun ta ƙasar Saliyo, inda Ingila ke tsugunar da 'yantattun bayi. Can Ajayi ya shiga hannun ƙungiyar mishan ta CMS. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, cikin 'yan watanni ya iya karatu, ya kuma koyi aikin kafinta. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan mai suna Samuel Crowther. A 1827 da aka buɗe Kwalejin Fourah Bay, sunansa ne na farko a rajista. Ya zama malamin makaranta, ya auri Asano, wadda ake kira Susan, ita ma 'yantacciyar baiwa.

Yadda Yauri ta shiga labarin

Mai karatu zai ce, ina ruwan Yauri da wannan? Ai kuwa da ruwanta. Turawa sun daɗe suna neman sanin inda Kwara ke zuba. Mungo Park ya halaka a duwatsun ruwan Busa a 1806, wurin da yanzu tafkin Kainji ya shanye. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo har Yauri neman takardun Park wajen Sarki, suka zauna makonni, sa'an nan suka koma Busa suka bi ruwa a kwalekwale har suka fita teku. Wannan tafiya ce ta tabbatar wa Ingila cewa jirgi zai iya shigowa daga teku ya hauro ƙasarmu.

Saboda haka a 1841 gwamnatin Ingila ta turo jirage uku masu inji, da nufin ƙulla yarjejeniya da sarakunan bakin kogi su bar cinikin bayi su koma noma da halattaccen ciniki. CMS ta sa mutum biyu a ciki, wato wani Bajamushe, Rabaran J. F. Schön, da kuma Crowther. Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe Turawa fiye da 40, jirgin da ya fi nisa iyakarsa Eggan a ƙasar Nufe. Amma an fito da abu biyu. Schön ya kamu da son Hausa, har ya wallafa littafin kalmominta a 1843, da na nahawunta a 1862, da ƙamus a 1876, tare da taimakon Dorugu, yaron nan Bahaushe da Barth ya tafi da shi Turai. Abu na biyu, shugabannin CMS suka gane cewa aikin nan ba zai yiwu ba sai da 'yan ƙasa. Aka kira Crowther Landan, aka naɗa shi limamin coci a 1843.

A 1846 ya isa Abeokuta tare da Bature Henry Townsend domin kafa mishan. Bai yi wata guda ba sai ga wata tsohuwa an kawo masa. Mahaifiyarsa ce, bayan shekara 25 da rabuwa. Ashe ita ma ta sha bauta an fanshe ta, ƙannensa ma suna raye. Duk wanda ya taɓa neman ɗan'uwa da ya ɓace ya san abin da baki ba zai iya faɗa ba a nan. A 1851 kuma, yaron da aka musanya da doki ya zauna gaban Sarauniya Biktoriya a fadarta ta Windsor yana yi mata bayanin cinikin bayi a Ikko.

Shekarun kogi

A 1854 ya sake hawa kogi tare da Dokta William Baikie a jirgin Pleiad. Wannan karo kowa na shan kwinin kullum, suka shiga Binuwai suka yi nisa, suka dawo ba a rasa rai ko ɗaya ba. A 1857 suka sake tasowa a jirgin Dayspring. Crowther ya kafa tasha a Anaca, ya bar Rabaran J. C. Taylor, wanda iyayensa Ibo ne da aka 'yanta a Saliyo, ya kafa wata a Gbebe kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai. Burinsu su kai Rabba, daga nan su nemi hanyar Sakkwato. Amma a watan Oktoba jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya farfashe. Na taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Jebba na ga ragowar ƙarafan injinsa da aka ajiye don tarihi. Shekara guda suka yi a bakin ruwan nan suna jiran wani jirgi. Crowther bai zauna yana ƙirga kwanaki ba, sai ya duƙufa koyon Nufanci wurin masunta da 'yan kasuwa, abin da ya haifar da littafin koyon karatun Nufanci a 1860 da na nahawu da kalmomi a 1864.

A Landan kuwa yana da babban majiɓinci, sakataren CMS Henry Venn. Ra'ayin Venn shi ne mishan kamar katakon da magina ke takawa ne, in gini ya tashi sai a cire shi. Coci ya riƙe kansa, ya mulki kansa, ya yaɗa kansa. Saboda haka ya dage sai an naɗa Crowther bishop. Townsend, abokin aikinsa na Abeokuta, ya ƙi, yana ganin Bature ba zai zauna ƙarƙashin baƙar fata ba. Crowther da kansa ya yi ta nuna ba ya so. Duk da haka ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi a babban cocin Kantabari, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa, kuma cikin mahalarta akwai Henry Leeke, wanda ya tsamo shi daga jirgin bayi shekara 42 da suka wuce. Sai dai an yi wata dabara. Ikko da Abeokuta da Ibadan, inda Turawan mishan suke, aka bar su ƙarƙashin bishop Bature na Saliyo, shi kuwa aka ba shi bakin Kwara inda babu Baturen mishan ko ɗaya. Tun ran naɗi ke nan aka shuka abin da za a girba daga baya.

Kada a ɗauka duk Turawa haka suke. A 1867 wani basarake mai suna Abokko, a ƙasar Idah, ya tsare bishop da ɗansa Dandeson yana neman fansa mai yawa. Mataimakin jakadan Ingila a Lakwaja, William Fell, ya zo ya kuɓutar da su, amma aka harbe shi da kibiya mai dafi ya mutu a cikin jirgin da suka gudu da shi. Crowther ya ga Baturen da ya ba da ransa dominsa, ya kuma ga wanda ya ƙi zama ƙarƙashinsa. Watakila shi ya sa har ya mutu ba ya yi wa mutane kuɗin goro.

Zamansa da sarakunan Musulmi

Nan ne wurin da ya fi ba ni sha'awa. Ka tuna su wa suka ƙone garinsu. Mutum irin wannan, in ya tashi da ƙullin Musulmi a zuciya, ba wanda zai yi mamaki. Amma tun yana malami a Saliyo ya lura cewa gardamar addini da ɗaga murya ba ta jawo komai sai gaba. Ya bar ta. Ya nemi ma'aikatansa su koyi Larabci, yana kai wa sarakuna kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, in an yi masa tambaya sai ya buɗe littafinsa ya karanta abin da ke ciki ya yi shiru, ba ya zagin abin da wani ke girmamawa.

Ya yi hulɗa ta mutunci da Etsu Masaba na Bida, har sarakunan Nufe suka ba shi wurin zama a Kipo, kusa da Eggan. A 1872, da ruwa ya janye jirgi ya kasa komawa, ya biyo ta ƙasa daga Lakwaja ta Bida zuwa Ikko, ya yada zango a Ilori. Sarkin Ilori ya tara malamai da fadawa, aka yi masa tambayoyi a kan Annabi Isa, alaihis salam, da tashin ƙiyama, ya amsa daga littafinsa. Da aka gama aka nemi a ji irin addu'ar da suke yi, sai ya karanta addu'ar da cocinsu ke yi wa Sarauniya, ya nuna cewa a ƙasar wani sarki sunan wannan sarkin ake sawa a wurin. Fada ta yaba, aka rabu lafiya, kowa na kan addininsa. Daɗin daɗawa, cikin shekarun 1880 Etsu Maliki na Bida ya aika masa da wasiƙa da Hausa, yana roƙonsa ya kai kuka ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasar Nufe, domin ta lalata masa jama'a. Sarki Musulmi ya rasa wanda zai amince wa da wannan saƙo sai bishop, saboda ya san halinsa.

Harshe da waƙa

Crowther ya yi imani cewa mutum ba ya jin magana har zuci sai da harshen da ya sha a nono. Shi ya dage a riƙa sa alamun karin sauti a rubutun Yarabanci, domin kalma ɗaya takan ba da ma'ana uku in murya ta hau ko ta sauka, kamar yadda muke da irin haka a Hausa. A 1862 gobara ta cinye gidansa na Ikko da takardun da ya yi shekara 11 yana tarawa na kalmomi da karin magana, ya sake farawa. A 1884 aka kammala Littafi Mai Tsarki na Yarabanci.

Wannan ra'ayi ne ya buɗe ƙofar waƙa. Da fari waƙoƙin Ingila ake juyawa a rera da muryar Turawa, sai karin harshe ya karye, ma'ana ta ɓace. Tun cikin shekarun 1850 wani limami ɗan Saliyo, James White, ya sa mabiyansa a Ota su riƙa tsara waƙoƙin ibada da muryoyin gargajiya. Daga cocin Abeokuta kuma aka samu Rabaran J. J. Ransome-Kuti, kakan Fela, wanda ya je Landan a 1922 aka ɗauki waƙoƙinsa na Yarabanci a faifai. A Arewa, an buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, littattafan waƙoƙin Hausa suka bazu, mishan suka iso Salka da Zuru cikin shekarun 1920. Wanda duk ya wuce ta ƙofar coci a Yelwa ko Wara ran Lahadi, ya ji matan zumunta na rera waƙa da Hausa ko Kambarci suna buga tulu da caki, to ya ji jikar wannan ra'ayi. A wurin waƙar nan Bakambare da Badakkare da Bayarabe da Ibo kan haɗa murya, ba a tambayar kowa garinsu.

Cin mutunci a ƙarshen rayuwa

Venn ya rasu a 1873, zamani kuma ya juya. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885 Turawa suka shiga rabon Afirka, kamfanin George Goldie ya samu izinin mulkin kogi a 1886 ya ture 'yan kasuwa baƙaƙe. A Turai ra'ayin cewa baƙar fata bai isa shugabanci ba ya yi ƙarfi, har ya shiga coci. Gaskiya ne mishan ɗin Kwara na da nasa laifuffuka. Kuɗi kaɗan ne, tashoshi na nesa da juna, wasu ma'aikata sun shagala da ciniki, har an samu waɗanda suka doki wata yarinya a Anaca ta mutu a 1877. Bishop kuma mutum ne mai sanyin hali, ya fi son ya yi wa mai laifi nasiha da ya kore shi. Amma maimakon a taimake shi gyara, sai aka riƙa zare masa iko kaɗan-kaɗan, aka fara da kuɗi da jirgin mishan.

A 1890 wasu samarin Turawa suka sauka Lakwaja ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, suna sa riga da rawani irin na Hausawa, da nufin shiga ƙasar Hausa. Cikinsu akwai waɗanda ba a haife su ba lokacin da Crowther ya zama bishop. A watan Agusta aka yi taron kwamitin kuɗi a Anaca. A gaban tsoho mai shekara 80 da ɗoriya, suka bi limamansa ɗaya bayan ɗaya da zargi, mafi yawa ba tare da an ba su damar kare kansu ba, suka sallami wasu suka dakatar da wasu, har da ɗansa Dandeson. Dakatar da limami kuwa ikon bishop ne shi kaɗai. Crowther bai zagi kowa ba. Ya ajiye muƙaminsa na shugaban kwamitin, ya rubuta wa Landan bayaninsa cikin ladabi. A tsakiyar 1891 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891. Robinson ya riga shi rasuwa a Lakwaja a wannan shekara, Brooke ya bi su a 1892, ba wanda ya taka Kano a cikinsu.

Doguwar hanyar sulhu

Ran 'yan coci ya ɓaci ƙwarai. Wasu a Ikko suka fice suka kafa cocin 'yan Afirka tun 1891. Cocin Bonny da maƙwabtansa suka ɓalle daga CMS a 1892 ƙarƙashin Dandeson, suna biyan limamansu da kuɗin aljihunsu, amma ba su bar Angilika ba, kuma a 1897 aka zauna aka daidaita da su. Duk da haka Bature aka naɗa a gurbin Crowther, 'yan ƙasa sai dai mataimaka. Sai a 1952, bayan shekara 60, aka sake ba ɗan ƙasa cikakken riƙon yanki, lokacin da A. B. Akinyele ya zama bishop na Ibadan. A 1979 cocin Angilika na Nijeriya ya samu cin gashin kansa. A watan Yuni na 2014, a cocin nan na Kantabari inda aka naɗa shi shekara 150 baya, Akbishop na lokacin, Justin Welby, ya jagoranci taron godiya da tuba, ya amsa a bainar jama'a cewa an ci amanar Crowther, an ƙasƙantar da shi saboda wariyar launin fata, ya nemi gafara a madadin cocin Ingila.

Zuriyarsa ma ta bar mana gado. Surukinsa T. B. Macaulay ne ya kafa makarantar sakandare ta farko a Nijeriya, wato CMS Grammar School ta Ikko, a 1859, don haka duk wanda ya zauna a benci irin namu yana da alaƙa da gidan nan. Jikansa Herbert Macaulay shi ne uban gwagwarmayar neman 'yancin ƙasar nan.

Abin da ya rage mana

'Yan'uwa, mu nan bakin tafki ba mu da Bature da za mu yi sulhu da shi, amma muna da namu tsofaffin miki. Ƙasar Kambari ta sha hare-haren neman bayi daga Kwantagora har zuwa 1901. Gungawa da sauran mazauna tsibirai sun bar gonakinsu da kaburburan iyayensu ƙarƙashin ruwa da aka tare Kainji a 1968. Har yau akan ji kalmar raini tana fita daga bakin mai ilmi a kan wata ƙabila ko wani addini, wani lokaci da sunan wasa. A makaranta kuwa jikan wanda ya kai hari da jikan wanda aka kai wa kwano ɗaya suka ci, ɗaki ɗaya suka kwana, Musulmi ya tsare wa Kirista abincinsa ran Lahadi, Kirista ya ɗebo wa mai azumi ruwan buɗa baki. Yanzu mu ne hakimai da malamai da limamai da kansiloli daga Shanga har Ngaski.

A ganina tarihin Crowther ya raba aikin sulhu gida biyu. Wanda aka zalunta, nasa shi ne kada ya rama a kan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma dattijon nan ya cika nasa tun yana raye. Wanda ya yi zalunci, ko ya gaji kujerar wanda ya yi, nasa shi ne ya kira laifin da sunansa ya nemi gafara, kuma wannan sai da ya ɗauki fiye da ƙarni, bayan duk waɗanda abin ya shafa sun kwanta dama. Haƙurin wanda aka cuta ba ya sauke wa mai laifi nauyinsa. Ina roƙon ƙungiyarmu, a taronmu na shekara mai zuwa, a ware lokaci a gayyato dattawan Kambari da Gungawa da Shangawa da Hausawa, da limaman masallaci da na coci, su ba ɗalibai tarihin yankin nan kowa da bakinsa, mu kuma mu zauna mu saurara.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu gama da duniya lafiya. Wassalam.